Koken Layinmu a Kan Tabarmar Kansila

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Alhamis a Magarya ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, 'yan kabu-kabun Wurno, masu haya da babur, ba za su bari ba.

Layinmu ɗan siriri ne, amma shi ne yanke ga duk mai son kauce wa cunkoson bakin kasuwa. Idan kakar albasa ta zo, babura kan shigo shi da buhu uku-uku, gudu kamar an biyo su. A tsakiyar layin kuma akwai makarantar Islamiyya, yara na tsallakawa safe da yamma. Ranar da wani mai babur ya kwashi tiren ƙosan Inna Kulu, tsohuwar da ke suya a bakin masallaci, ya bar ta da targaɗe a hannu, dattawa suka taru suka ce abin ya isa. A rubuta wa ƙaramar hukuma, a roƙi tudun rage gudu guda uku kafin a kai ga ɗaukar gawa.

Wa zai rubuta? Duk idanu suka juyo kaina. Shekara ashirin ina koyar da adabi a sakandare, kuma (in faɗi gaskiya) na daɗe ina jiran ranar da unguwa za ta gane abin da take da shi. Mai unguwa ya ce layi biyar ya isa. Na rubuta shafi huɗu.

Daga nan ruɗani ya fara. A sakatariya wani ya ce wannan maganar sashen ayyuka ce. A sashen ayyuka aka tambaye ni ko layin namu titi ne ko hanya, domin kowanne da inda ake kai shi. Na ce ban taɓa tambayarsa ba. Wani mai kirki ya ja ni gefe ya ce in bar yawo da takarda, in sami kansila mai kula da ayyuka baki da baki. Mai unguwa ya yi wa kansilan magana, shi kuma ya ce mu same shi gidansu a Magarya ranar Alhamis bayan la'asar. Ranar na zuwa mai unguwa ya wuce fadama wajen cirar albasarsa, ya aiko a ce in je ni kaɗai, ai ni ne mai bakin. Ni kuwa kwana uku ke nan wayata a kashe, ina fama da takardun jarrabawa. Ko rabin garin ya tashi ban sani ba.

Na isa na tarar da ƙofar gida cike. Tabarmi har bakin hanya, butoci a jere, mutane zaune shiru. Na ce a raina, lallai ba mu kaɗai ke da koke ba. Ai ƙofar ɗan siyasa ba ta rabuwa da tabarma. Na kutsa har gaban kansila, na ba shi hannu, na tambaye shi ya aiki, ya jama'a. Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce alhamdu lillahi. Idanunsa jajur, na ce bawan Allah, hidimar talakawa ta hana shi hutu. Aka miƙo mini gumba a faranti, na ci dunƙule biyu ina yaba karamcinsa. (Ni da na koyar da al'adun Hausawa aji bayan aji, har da darasin abin da ake rabawa ranar sadakar uku.)

Ina sanye da farar babbar riga da tabarau, ga jaka a hammata. Wani dattijo da ke kusa da kansila ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, bisimilla." Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa ya san cewa baƙon da ya fi kama da malami shi ake ba wa jan addu'a. Ni dai na ga layi ya zo kaina da wuri. Na miƙe tsaye, na zaro shafi huɗu, na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, mutuwa ba ta sallama. Tana shigowa unguwa da rana tsaka, ba ta tambayar babba, ba ta tambayar yaro."

Wuri ya ɗauki Allahu akbar. Wani ya share ido da bakin rawani. Ban taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba, ɗalibaina a sakin layi na biyu suke fara hamma. Na ƙara murya. Na yi bayanin yadda rai yake amana, da yadda za a tambayi kowane shugaba abin da aka ba shi kiwo. Kansila ya sunkuyar da kai yana gyaɗawa. Na ce a raina, tudu uku kam sun samu, da na sani biyar na nema.

A shafi na uku ne na iso kan ƙosan Inna Kulu. Allahu akbar ta fara raguwa. Da na kai ga buhunan albasa ta ɗauke gaba ɗaya. Mutane na kallon juna, ni kuma ina kallonsu ina neman inda na yi tuntuɓe a jimla. Na yi zaton salon ne ya yi musu nauyi, sai na koma baya na sake karanta sakin layin a hankali. Sai da na fara lissafa faɗi da tsawon kowane tudu dattijon nan ya ja gefen rigata.

"Malam, mi kaka karantawa haka?"

Na ce koken layinmu ne.

"Wane layi? Wanga zaman makoki na. Baffan kansila munka rufe shekaranjiya."

Na dubi butocin, na dubi tabarmin, na dubi farantin gumba. Komai yana nan inda yake tun shigowata, ni ne dai sai yanzu na iso. Na rasa ko in zauna, ko in ƙarasa shafi na huɗu, ko in nemi takalmana. Abin da bakina ya iya fitarwa shi ne, "Ashe."

Kansila ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya ninke ta, ya sa a aljihu. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Mun ji, Malam. Rabin farko ya yi muna amfani. Yanzu yi muna addu'ar."

Na yi. Ban san sunan mamacin ba, kuma ba ni da fuskar tambaya, don haka na roƙa wa mamatan musulmi gafara baki ɗaya, daga gabas har yamma, da fatan yana ciki.

Kafin in dawo Wurno labari ya riga ni. Mai unguwa dai tambayata ya yi ko gumbar ta yi daɗi. Bayan wata biyu sai ga mota da yashi da siminti. Aka yi tudu biyu, ɗaya gaban Islamiyya, ɗaya gaban kaskon Inna Kulu. Ban je neman na ukun ba, kuma ba wanda ya ce in je. Yara na tsallakawa lafiya. 'Yan kabu-kabu kuwa, duk wanda ya taka birki a kan tudun ya hango ni a ƙofar gida, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ya haƙuri?"

Yanzu idan na ga tabarma a ƙofar gidan mutum, ba na taɓa jaka, ba na taɓa faranti, sai na tambayi na bakin hanya me ake yi. Har a gidan suna sai da na tambaya, ina jin kukan ragon.