Man da Taraktar Sai-An-Zauna Ke Sha

A wani gari da ake kira Sai-An-Zauna akwai wata fadama mai albarka, wadda ko tsinke ka soka a cikinta sai ya yi ganye. Mutanen garin 'yan lambu ne. Albasa ce cinsu, ita ce suturarsu, ita ce kuɗin makarantar 'ya'yansu. Shekara da shekaru suna huɗa da garmar shanu, suna gyara fangali da fartanya, har ranar da Mai Gari Dawwamau ya dawo daga wata tafiya, ya tara majalisa, ya ce ya gano abin kunya: ashe garin da ba shi da tarakta ba gari ba ne.

Nan take aka yanke shawarar sayen 'yar ƙaramar tarakta ta lambu daga ƙetaren teku. Da yake baitulmalin garin yana kwance ba lafiya a lokacin, sai aka nemi gudummawa. Kowane mai lambu ya kawo garmarsa da fartanyarsa, aka sayar wa 'yan gwangwan. Shanun huɗa kuwa, tunda sun gama bautarsu, aka karrama su da yanka a bikin yi wa Mai Gari godiya.

Cikin waɗanda suka ba da gudummawa har da Nomau, wani magidanci mai ɗan lambu a bakin rafi. Ya ci naman bijiminsa a wurin biki, ya yi tafi da hannu mai maiƙo, ya koma gida da murna. Ya riga ya yafa irin albasarsa a wurin reno, ya tsiro kore shar. Abin da ya rage kawai a huɗe lambun a yi dashe tun da sauran sanyi, domin albasar da aka dasa bayan zafi ya shigo ba ta yin kai, sai lawashi.

Ana nan sai mai sayar da tarakta ya bugo waya. Wazirin Bayani ne ya ɗauka, don shi ke jin harshen mutanen. Da ya ajiye, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ya ce komai ya kammala, saura inji. Yana tambaya, mai shan gas muke so ko mai shan dizal?"

A nan sai an ɗan tsaya. A ƙasar mai tarakta, fetur suke kira gas. A Sai-An-Zauna kuwa, kamar yadda kowane direban tirela da kowane mai injin niƙa ya sani, gas shi ne dizal, dizal shi ne gas. Mai ɗaya ne da suna biyu. Duk wanda ke zaune a majalisar nan ya san haka kamar yadda ya san sunan mahaifinsa. Tambaya ɗaya ta isa ta warware zancen, amma a majalisar Sai-An-Zauna tambaya alamar jahilci ce, kuma ba a taɓa samun jahili a cikinta ba.

Galadima ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "Gas."

Ciroma, wanda bai sake yarda da maganar Galadima ba tun wata rigima da suka yi a kan kujerar kusa da fanka, ya ce, "Dizal."

Mai Gari ya dube su, ya yi murmushi. "Mu masu bin ra'ayin jama'a ne. A tambayi talakawa."

Ba a tambayi talakawa ba ranar da aka karɓe garmunansu, ba a tambaye su ba ranar da aka yanka shanunsu. Yau da aka zo zaɓi tsakanin abu da kansa, sai aka tuna da su. Su kuma suka ji daɗi ƙwarai.

Kafin sati ya zagayo gari ya rabu biyu. 'Yan Gas suka ɗinka hula ruwan ƙasa, 'yan Dizal suka ɗinka shuɗiya. 'Yan Gas suka ce dizal man 'yan boko ne masu raina na gida. 'Yan Dizal suka ce gas man jiya ne, duniya ta ci gaba. Aka fasa aure biyu. Mai shayin bakin kasuwa ya raba bencinsa. Alhaji Mazurari, mai gidan mai ɗaya tilo a garin, ya ga halin da jama'a ke ciki, tausayi ya kama shi, ya ƙara famfo na biyu a kan tankinsa, ya rubuta Gas a jikin ɗaya, Dizal a jikin ɗaya. Galadima da Ciroma kuwa a gidansa suke cin abincin rana, kwano ɗaya, amma kowa da ƙofar da yake fita.

Nomau ya dawo gida da hula ruwan ƙasa da sabulu sanda guda. Matarsa Kuluwa ta dube shi.

"Malam, wai ba mai ɗaya ba ne?"

"Ɗaya ne mana. Wa bai sani ba?"

"To hular fa?"

"Ke ba ki gane siyasa ba. Man ɗaya ne, mutanen ne daban."

"Iri dai ya isa dashe. Na leƙa ɗazu, har ya fara cunkushewa."

"Bayan zaɓe, Kuluwa. Komai bayan zaɓe."

Aka yi zaɓe, aka ja layi a rana, 'yan Gas suka yi rinjaye. Waziri ya ɗaga waya a gaban jama'a ya ce da ƙarfi, "Gas!" Mai tarakta ya ce ya ji, ya ɗaura mata injin fetur, ya aiko.

Ranar ƙaddamarwa aka ɗaura wa tarakta ƙyalle, makaɗa suka yi mata kirari. Sarkin Makanikai, wanda aka naɗa saboda bai taɓa ɓata hannunsa da baƙin mai ba, ya naɗe hannun babbar riga ya tsiyaya mata gas daga famfon Gas. Aka murɗa makulli. Ta yi tari, ta fesa farin hayaƙi a fuskar Galadima, ta yi shiru.

"Mun faɗa muku!" in ji Ciroma. "Ga sakamakon gas!"

'Yan Dizal suka cika titi. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya ba da shawarar a ba 'yan Dizal dama su ma su gwada, don a zauna lafiya. Aka tsiyaye gas ɗin daga cikin tarakta, aka mayar wa Alhaji Mazurari, ya juye a tankinsa. Sannan aka zaga ɗaya famfon aka sayo dizal. Aka sake ɗaura ƙyalle, aka sake kiran makaɗa. Wannan karon ko tarin ba ta yi ba.

"Gas ɗinsu ne ya lalata ta," in ji Ciroma. "Gyaran ɓarnar da suka yi zai ɗauki lokaci. Jama'a su ƙara haƙuri."

Wani malamin firamare, Malam Ilu, da ke tsaye a bayan taro, ya ce a ganinsa da a gwada fetur. Wannan ne karo na farko da 'yan Gas da 'yan Dizal suka haɗa hannu a kan abu ɗaya. Da ya fito daga asibiti, aka mayar da shi wata makaranta a bayan dutse, inda babu mota balle gardamar mai.

Sanyi ya fara ja da baya. Irin Nomau ya yi tsawo, ya fara rawaya daga ƙasa. Kuluwa ta daina magana, sai dai ta tsinko ɗaya ta ajiye masa a gefen kwanon tuwo. Da abin ya ishe shi, ya cire hula ya tafi fada, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, iri zai lalace. Ko fartanya ce a ara mana, mu yi da hannu."

"Fartanya?" in ji Mai Gari. "A garin da ke da tarakta? So kake maƙwabta su yi mana dariya? Wane ne wannan?"

"Ɗan Gas ne, ranka ya daɗe," in ji Ciroma.

"Da ma ɗan Dizal ne ya ɓoye hula," in ji Galadima.

Sarkin Makanikai ya yi gyaran murya. "Allah ya taimake ka, na yi nazari. Lafiyarta ƙalau. Batir ne ya yi sanyi. Turi take so, da an tura ta za ta tashi."

Washegari aka yi shela, duk wani mai lambu ya fito. Turi yana son fili mai faɗi, kuma babu filin da ya kai gonar Mai Gari faɗi a fadama, don haka can aka kai ta. Sarkin Makanikai ya hau ya riƙe sitiyari, ya sa aka sauke garmar da ke bayanta ta kama ƙasa, don kada a ɓata lokaci in ta tashi. Aka ɗaura igiya. 'Yan Gas suka ja ta daga gaba, 'yan Dizal suka tura ta daga baya, kowane ɓangare yana son a ce a hannunsa ta tashi.

"Ku ƙara! Saura kaɗan!" in ji Sarkin Makanikai daga ƙarƙashin laima. "Na ji ta yi tari!"

Nomau ne ya yi tarin.

Suka kai ƙarshen gona ba ta tashi ba, aka juyo. Suka dawo ba ta tashi ba, aka sake juyawa. Kafin la'asar gonar Mai Gari ta huɗu tsaf, layi-layi, babu inda aka tsallake. Sarkin Makanikai ya ce ƙasar nan ce ta cika danshi, gobe a gwada ta Galadima. Daga ta Galadima aka koma ta Ciroma, don adalci. Daga nan ta Alhaji Mazurari, wanda ya raba wa masu turi ruwan leda kyauta, aka yi ta sa masa albarka.

Manya ba sa renon iri, ba su da lokaci. Amma da Alhaji ya ji labarin irin Nomau da na 'yan'uwansa zai lalace don rashin wurin dasawa, sai ya ce shi ba zai iya kallon asara ba. Ya karɓa ya raba da abokan cin abincinsa, ya kuma taimaki masu irin da aikin dasa shi. Nomau ya dasa albasarsa da hannunsa a gonar Alhaji, ya daidaita tazara kamar yadda mahaifinsa ya koya masa. Ranar da layin turi ya zo kan nasa lambun, zafi ya riga ya sauka, ƙasa ta tsage, masu turi kuma ba mai iya ɗaga kafaɗa.

"Malam, bana me za mu sayar?" in ji Kuluwa.

"Allah zai kawo mafita."

"Ya kawo, Malam. Kai ka kai ta wurin 'yan gwangwan."

Albasar manya ta yi kai ƙwarai a shekarar, kowace kamar dunƙulen hannu. Majalisa ta zauna ta yaba wa tarakta, wadda ta huɗe rabin fadama a shekararta ta farko. An so a yi gardama a kan ko gas ne ya yi aikin ko dizal, sai Mai Gari ya sasanta, aka ba kowanne lambar yabo.

Ana cikin haka mai tarakta ya sake bugowa. Waziri ya saurara, ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Ranka ya daɗe, ya ce yana da babba, ta ninka wannan sau uku. Yana tambayar irin injin da za a ɗaura."

Mai Gari ya ce, "'Yan lambu nawa suka samu dashe bana?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe. Duk suna zaune, ba aikin yi."

"To ya aiko babbar. Injin kuma ya riƙe abinsa, nauyi kawai yake ƙara mata."

Waziri ya faɗa a waya, ya saurara, ya sake rufe baki.

"Ya ce bai gane ba. In babu inji, wane mai za ta sha?"

Mai Gari ya leƙa ta taga. A gindin bishiyar ƙofar fada magidanta ne zaune a jere, Nomau a cikinsu yana matsa kafaɗa, suna jiran ya fito su yi gaisuwa.

"Ka ce kada ya damu," in ji shi. "Muna haƙo namu a gida."