Kukan da Bai Gamsar da Yallaɓai Ba

Jama'a, a tashi tsaye a yi wa Yallaɓai tafi. Idan ana maganar kula da yara da iyali, Allah bai halicci na biyunsa ba, kuma wannan ba ji-ta-ji-ta ba ce, daga bakinsa muka ji. Shi ne shugaban cibiyar tallafa wa yara da iyalai, gidan da iyaye ke ajiye ƙananansu idan za su tafi aiki, su kuma kawo kukansu idan zama ya yi tsami. Shi ake turo wa 'yan koyo, samari da 'yan mata da suka gama karatu, su zauna a ƙarƙashinsa su koyi yadda ake riƙe irin wannan gida. Sai ya sa hannu ake cewa mutum ya ƙware. Saboda haka ko atishawa ya yi, sai ka ga suna gyaɗa kai.

Sunan da ya raɗa wa kansa Kunnen Al'umma. Ma'aikata kuwa, a bayan idonsa, Lasifika suke ce masa. Fanninsa sauraro ne. Yakan fara lacca kan amfanin yin shiru tun da hantsi, rana ta take tsaka bai tsaya haɗiyar miyau ba. Ya koya wa 'yan koyo yadda ake karkata kai idan uwa tana magana, da yadda ake cewa "uhm" daga ƙirji ba daga hanci ba, da gefen teburin da ya dace a ajiye hankicin share hawaye. Yara kam yana ƙaunarsu ƙwarai, musamman a hoto. Ranar da aka miƙa masa jariri don a ɗauke su tare, ya riƙe shi nesa da rigarsa kamar tukunya mai zafi, ana gamawa ya ce a kawo sabulu.

Babbar fasaharsa ita ce wasan kwaikwayo. Duk mako sakatariyarsa kan ɗauko wata daga ƙungiyar 'yan wasa, ta faɗo zauren taro a matsayin uwa mai damuwa, shi kuma ya nuna wa 'yan koyo yadda gwani yake karɓarta. Ba ya yarda ya ga fuskarta kafin lokacin, ba ya son a faɗa masa matsalar da za ta zo da ita.

"Gwani ba ya shiri," in ji shi. "Ni kaina shiri ne."

A ranar da nake ba ku labari, abin ya motsa masa, ya ce ilimi irin nasa bai kamata ya tsaya kan 'yan koyo kaɗai ba. Kowa ya hallara a zaure, har mai raino da mai gadi. Mai raino ta ce, "Yallaɓai, yaran fa?" Ya ce a kunna musu talabijin, ai dogaro da kai ma tarbiyya ce. Mai gadi ya ji an ce Yallaɓai na jira, ya taho a guje bai sa wa ƙofar waje sakata ba.

A cikin yaran akwai ɗan wata mai goge-goge a asibiti. Shekararsa huɗu, har yau bai fara magana ba. Ko sunansa ba ya iya faɗi, balle na uwarsa. Shi kaɗai gare ta, kuma cibiyar nan ce kawai ta yarda ta riƙe mata shi har ta tashi daga aiki. Ranar an sallame ta da wuri, ta zo ɗaukarsa. Ta tarar da ƙofa a buɗe. Ta leƙa ɗakin wasa, yara na ta kallo, nata babu. Ta duba banɗaki, ta duba bayan tankin ruwa, ta fito bakin titi, motoci sai sheƙa gudu suke yi. Ta dawo ciki tana haki, ta ji murya na tashi daga zaure, ta banko ƙofa.

"Ɗana! Ban ga ɗana ba! An bar ƙofa a buɗe!"

Fuskar Lasifika ta washe. Ya gyara wuyan riga, ya ce wa 'yan koyo, "Madalla, ga ta ta iso. Ku buɗe ido." Ya jawo kujera. "Zauna, baiwar Allah. Nan wuri ne na aminci."

"Yallaɓai, ba zama ya kawo ni ba. Yaron ba ya magana, in ya hau titi ko hon mota ta yi masa ba zai kauce ba!"

"Uhm," ya ce, daga ƙirji, kai a karkace. Ya waiwayi ɗalibansa. "Kun lura? Ban katse ta ba."

Mai raino ta san matar sarai. Ta yi salati, ta zabura ta fita, mai gadi ya rufa mata baya. Lasifika ya bi su da kallon tausayi.

"Kun ga illar rashin horo ke nan. Zuciyarsu ba ta ɗaukar darasi mai nauyi."

Uwar ta juya za ta bi su, ya sha gabanta da hankici a hannu. Wata 'yar koyo, wadda jikinta ya fara ba ta, ta ɗaga hannu ta ce, "Yallaɓai, ba sai mu fita mu taya nema ba?"

Kai, da ta sani da ba ta tambaya ba.

"Kuskure na farko ke nan, gaggawa! Shugaban cibiya ba ɗan sanda ba ne. Aikinmu ba neman yaro ba ne, aikinmu mu gano abin da ɓatan yaron yake nufi a zuciyar uwa. Faɗa mana, baiwar Allah, da kika ga babu shi, yaya kika ji a ranki?"

Matar ta durƙusa ta kama ƙafar wandonsa. Hawaye ma sun ƙi zuwa, sai "don Allah, don Allah" take maimaitawa. Ya ja ƙafarsa baya, ya girgiza kai.

"Ke ma bari in yi miki gyara, tunda nan gidan koyo ne. Kin faye sauri. Ba ki bar wa mai sauraro fili ba. Kuma ina hawayen? Na yi shekaru ina nazarin iyaye mata, uwar da ɗanta ya ɓata ba haka take yi ba. Koma bakin ƙofa ki sake shigowa."

Ta miƙe, ta hankaɗe shi gefe, ta fice. 'Yar koyon da ta yi tambaya ta bi ta. Sauran suka dubi ƙofa, suka dubi hannun da zai sa musu hannu, suka gyara zama. Ni har yau in na tuna wannan zaman nasu sai raina ya ɓaci.

Can bayan tashar mota aka sami yaron. Wani mai faci ne ya fizgo shi daga gaban babbar mota, ya zaunar da shi a kan taya, yana ta tambayarsa ɗan gidan wa ne, yaro na kallonsa. Gwiwarsa ta goge, takalmi ɗaya babu. Uwar ta zube a ƙasa cikin baƙin mai, tana shafa kansa, tana shafa ƙafafunsa.

Da ta goya shi ta dawo ɗaukar jakarsa, zaure ya kaure da kururuwa. Ashe 'yar wasan da aka ɗauko ce ta iso a makare, ta cire ɗankwali tana birgima, wai mijinta ya gudu ya bar ta da 'ya'ya. Lasifika na tsugune a gabanta, idonsa jawur, shi ma yana share ƙwalla. Ya hango mai goge-goge ta taga, ya ɗaga murya.

"Baiwar Allah, tsaya ki koya! Ga yadda uwa take kuka!"

Ba ta ko waiwaya ba. Tun daga ranar ba ta sake kawo yaron ba. Yanzu da shi take tafiya aiki, ta ɓoye shi a ɗakin ajiye bokitai, tana goge daɓe tana leƙensa, tana tsoron kada a gan shi a kore ta.

Da yamma mai raino ta yi ƙarfin hali ta shiga ofis ta faɗa wa Yallaɓai gaskiya: waccan ta farko ba 'yar wasa ba ce, uwa ce, yaron kuma saura ƙiris mota ta bi ta kansa. Lasifika ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Mai raino har ta fara zaton istigfari zai yi. Can ya nisa, ya karkata kai, ya ce:

"To, ko da gaske ne ma, ai ba ta iya ba."