Ranar da na kawo kogi tsakar gidanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukina ya kawo mini injin kwale-kwalensa. Lokacin ina sabon ango, ina gyaran janareta da injin ban ruwa a ƙofar gidanmu a Yerimaram, gindin dalbejiyar nan da yanzu an sare. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa shiga kwale-kwale ba. Iyakar ruwan da na sani shi ne na randa.

Baba Gambo, mahaifin matata Hauwa, fito yake yi a Gashuwa, yana tsallakar da manoma idan kogi ya cika. Ya biyo motar shanu da injin a buhu, ya ce yana mutu masa a tsakiyar ruwa, kuma a ranar yake son komawa, don mutane na jiransa da safe. Maimakon in ce ban san irinsa ba, sai na durƙusa na ce, "Ai Baba, inji duk inji ne." (Allah Ya shirye ni.)

Na kwance kafireto, na wanke shi fes, na zo kan fulot, wato 'yar robar nan da ke yawo a kan fetur, idan kwanon kafireton ya cika ta tura allura ta toshe hanya. Ɗan harshen ƙarfenta ake lanƙwasawa kaɗan a daidaita tsayinta. Na kama filaya na lanƙwasa da ido, yadda na saba. Baba, yana kan tabarma, ya yi gyaran murya. Na ƙara lanƙwasawa. Ya sake yi, har da tari. Na leƙa gida na ce, "Hauwa, kawo wa Baba ruwa, ƙurar hanya ta kama shi."

Ashe magana ce yake yi. Kunyar suruki ta hana shi ya gyara mini a gaban maƙwabta, ni kuma ta hana ni ɗaga kai in tambaye shi.

Da na haɗa, ya ce irin wannan inji ba a tayar da shi a bushe. Muka shiga tsakar gida, muka tsoma gindinsa a duron ruwan Hauwa, maƙwabta suka biyo mu kallo. Na ja igiya. Inji ya tashi yana tari kamar tsohon akuya, fetur na tsiyaya daga kafireto yana bin hannuna. Don in rufe abin kunya sai na murɗa masa wuta, gwiwar hannuna kuwa ta bugi giyar injin. Jama'a! Farfelar da ke cikin ruwa ta juya, duro ya yi amai. Ruwan da bai sauka a kan tukunyar tuwo ba, a kan Baba ya sauka, shi da farar rigarsa ta zuwa gidan 'ya.

Ya cire hula ya matse ta, bai dube ni ba. Ya juya wajen 'yarsa.

"Hauwa, ki tambayar mini mijinki, ko zai ara mini filayarsa?"

A jiƙe ya zauna, ya kife kafireton a tafin hannu, ya mayar da harshen har fulot ɗin ya kwanta daidai da bakin kwano. Ni, babban makanike, aka ba ni riƙon kusoshi. Ja ɗaya inji ya ɗauka lafiya lau, kuma bayan la'asar Baba ya samu mota.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa, amma har ya bar duniya, in ya zo gidan nan sai ya tsaya a zaure ya ɗaga murya: "Hauwa, kogin naku ya janye, ko in naɗe wando?" Yau da zan sake jin wannan tsiyar, da na yarda a sake jiƙa tuwon.

Kunyar suruki ado ce, ban musa ba. Amma idan kafireto na buɗe a gabanka, ajiye ta gefe tare da kusoshi, in an ɗaure sai ka ɗauki abarka.