Ranar da Na Cinye Rabon Surukina

Ran Lahadi bayan coci, a gidan surukina a unguwar Soundview, nan ƙasar waje, aka fito da karta za a yi poka. Ba a sa kuɗi. Ƙuli-ƙulin da aka aiko wa Baba, surukin nawa, daga Zonkwa ake zubawa a tsakiya.

Yayan matata ya jera karta layi biyu a tebur, ya fara bayani. Na ɗaga masa hannu. "Yaya, ni za a koya wa karta? A Kaduna gudun zama da ni ake yi."

Layin sama ya haɗa mini sarki uku. Na maka su a tebur, na kwashe tulin kaf, na cika baki ina ƙarus-ƙarus, har da rawar kafaɗa.

Matata ta rufe fuska.

Ashe kowane layi da nasa rabin tulin, kuma Baba ne ya ci na ƙasa.

Ya dubi kumatuna ya ce, "Tauna a hankali, ɗana. Na kuncin hagu nawa ne."

Har yau in aka kawo tuwo, sai ya jawo kwanonsa jiki: "A raba tukuna, gwanin Kaduna ya iso."