Awon Teburin Sarkin Baka

"...da baƙunta, Amarya? Kin tashi lafiya?"

"Baƙunta ta ƙare, yau kwana shida. Kai ne baƙo, Angona, da har yau ko ruwan zafi ba ka iya roƙa da yarensu ba."

Haka muka gaisa a ƙofar masaukinmu da ke titin Huanshi Lu, can ƙetaren teku, wata safiya a damunar 1998. Hajjo kakata ce, ita ta haifi babana. Ta yi fataucin Jidda da Dubai shekara da shekaru, bana kuma ta ce sai ta ga inda ake ɗinka jakunkunan da take saye da idonta. Sunan mijinta aka sa mini, Kallamu, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Ni kuma tun ina rarrafe nake cewa zan ƙwace ta daga hannun tsohon.

Tsohon shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu a ƙasar Rano. Shekara arba'in yana cika kwanson harsashinsa da kansa, a zaune a kan buzu, cikin wani ɗaki mai duhu ko da rana tsaka. Wata huɗu kafin tafiyarmu, na dawo daga bautar ƙasa ba aiki, ya ce in riƙe masa fitila. Kaza ta faɗo ɗakin da fiffika, na zabura, fitilar ta suɓuce ta faɗa kan albarushi. Hannunsa na dama da gemunsa suka ƙone. Hannun ya warke, amma bai sake leƙa ɗakin ba, maganarsa ma ta koma gaisuwa kawai. Ni kuwa har ranar nan ban iya ƙyasta ashana ba.

"Yau kasuwar Baima ko ta Shiling?" na tambaye ta.

"Yau sayayyar maza za mu yi. Biyo ni, in ƙafafun nan naka na digiri za su iya."

Ta kutsa wani lungu kamar a kasuwar Kurmi yake, ta tsaya a shagon kayan aiki. A bakin ƙofa akwai wani teburi mai kaurin katako, da ƙarfen damƙe abu a gefe da durowa uku. Nan take na gane na waye.

"Ni hau, lauban!" ta gaida mai shagon da yarensu. Ta juyo gare ni. "Tambaye shi wannan."

"Me za ki yi da shi? Jeren ɗaki za ki yi mini?"

"Kai da ko tabarma ba ka ajiye ba? Na maigidan gaskiya ne. Ya gama aiki a ƙasa inda kaji ke shawagi."

"Wato ki ɗauko ni tun daga Kano in yi wa abokin takarata ciniki? Tsohon da ya harbi zabuwa ya samu rawanin mai unguwa?"

"Kunkuminka! Mutumin da ya kori kura uku da tari kawai?"

"Tarin ne ya kore su, tsoron kamuwa suke yi."

"To kai me ka taɓa kora? Ƙadangare ya gyaɗa maka kai a tsakar gida ka ce masa ina wuni."

Na juya na yi wa mai shagon wani dogon Turanci a kan zafin gari. Ya yi murmushi, ya danna lambobi a na'urar lissafi ya miƙo.

"Ya ce babu," na ce da ita. "An riga an sayar."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya. In babu, meyo suke cewa. Tun da muka sauka nake jin meyo har a mafarki, wannan bawan Allah kuwa bai ce meyo ba. Shekara huɗu a jami'a, ƙarya ma ba a koya maka mai kyau ba?"

"To kafintocin Kano mutuwa suka yi? Sai an ɗora wa jirgin ruwa katako?"

"In kafintan Rano ya yi, cewa zai yi a ajiye a zaure, a zauren kuma zai ruɓe. Amma abin da ya ƙetaro teku, gari guda za su zo kallo. Kunya kaɗai ta isa ta zaunar da shi a gabansa."

"Ki saya masa rediyo."

"Yana da ni, me zai yi da rediyo?"

Mai shagon ya kawo mana shayi a 'yan kofuna kamar na wasan yara. Na karɓa, na ajiye ban sha ba. Hajjo ta gani, ta kau da kai.

"Hajjo," na ce, na bar wasa. "Ni na ga wutar nan. Ba zan sa hannu ya koma ba."

"Ni kuma na ga wata huɗun da suka biyo baya." Ta kurɓi shayin ta yatsina fuska. "Ruwan ganye ba sukari, Allah ya kyauta. Ka san tunda aka kai ni gidan nan, da ƙarar 'yar gudumarsa nake sanin hantsi ya yi? Ƙwas, ƙwas, sai in ɗora tukunya. Yanzu sai rana ta take nake tuna ban hura wuta ba. Birai sun mayar da masararsa gidan biki, yana zaune yana kallon katanga. Jiya a can Shiling na ji wani yana buga maɓallin jaka, wallahi sai da na waiga."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin motocin garin nan ba shi da mutunci.

"Ashe son tsohon kike yi," na ce. "Ni da kika ce ni ne na ƙarshe."

"Kai na ado ne, shi na amfani. Zauna nan."

Ta jawo wata 'yar kujera ta tsugunno da ƙafa, irin wadda tsohon yake zama a kai tunda gwiwa ta fara damunsa.

"In zauna in yi me?"

"Teburin ya yi tsawo, na masu aiki a tsaye ne. Za a rage ƙafafun. Lauban zai auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunka."

"Ni ne ma'auni?"

"Da me ka zata? Turancinka na biya wa kujerar jirgi? Su waɗannan ba sa ji, ni ma ba na ji, kai ma ina shakka. Da yatsa da na'urar nan na sayi jaka ɗari huɗu kana tsaye kana gumi. Tsawonku ɗaya, doronku ɗaya, har tafiyar agwagwar nan taku ɗaya."

"To ki auna da ɗankwalinki mana tun a gida."

"Na kawo ɗankwalin zan auna, maigidan ya janye hannu." Ta sassauta murya. "Ranar da za mu taho, ina ɗaure kaya, ya yi magana mafi tsawo da ya yi tun ranar wutar nan. Ya ce, ki tafi da yaron ki auna da shi, hannunmu ɗaya ne. Ya ce kuma ki gaya masa kazar ce mai laifi, an kuma yanke mata hukunci da yaji."

Ban san lokacin da na zauna ba. Na tuna romon da aka kawo mini kwana biyu bayan abin, na ƙi sha. Dariya ta taso mini, na sunkuyar da kai har ta wuce. Mai shagon ya durƙusa da tef ɗinsa, ya ɗaga gwiwar hannuna, ya ja layi da alli a ƙafar teburin.

"Miƙe bayanka," in ji Hajjo. "A'a, koma yadda kake, shi ma haka yake rankwafawa."

"Da sharaɗi," na ce. "Ba fitila a ɗakin nan har abada. Ni zan fasa bangon gabas in sa taga, a gabanta za a ajiye shi. Ƙofa kuma a yi mata ƙyaure."

"Kai za ka fasa bango? Da wane hannun?"

"Da nasa. Ba kin ce ɗaya ne ba?"

Ta yi dariya har mai shagon ya taya ta bai san dalili ba. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro goron ƙarshe da ta taho da shi daga Kano, wanda ta hana ni ko kallo tun a filin jirgi. Ta ɓare shi, ta miƙo mini ɓari ɗaya.

"Ungo ladan awo, Angona."

"Ɗaya ɓarin fa?"

Ta mayar da shi cikin ganyensa ta ƙulle tam.

"Wannan na mai teburi ne. Ranar da na ji ƙwas, ƙwas, zan kai masa."