Ranar da Na Kusa Kwantar da Ango

Har gobe ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren ƙanena Sallau ba, ranar da faransancina ya kusa kashe mutum.

Sallau yana da farfaɗiya tun yana ƙarami. Shekara da shekaru yana shan wata ƴar farar ƙwaya, fenobarbital, amma duk da haka yakan faɗi jefi-jefi. Da maganar aurensa ta taso, ni na raka shi asibitin Maraɗi, tunda ni ne mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai karanta wa duk dangi takarda a garinmu Maijirgi. Likita ya ƙara masa sabon magani, balfuro'at, ya ce a rage tsohon zuwa rabi. Ya soma bayanin dalili da faransanci, ni kuwa sai kaɗa kai nake ina "wi, wi", wato "e, e" (wallahi hankalina yana kan kada motar Tasawa ta bar mu).

Saura kwana goma biki tsoro ya kama ni. Yanzu idan ya faɗi a gaban surukai fa? A sanina ba su san da ciwon ba, ni ma na hana kowa faɗa. Sai na yi lissafi irin na masu kiwo, na ce igiya biyu ta fi ɗaya da rabi riƙe akuya. Na ce ya koma shan tsohuwar ƙwayar cikakkiya tare da sabuwar.

"Yaya, ba rabi anka ce ba?" in ji shi.

"Da ni da kai wa ya yi lakwal?" na ce. Daga ranar ya koma shan guda.

Kwana biyar ya soma tangaɗi, yana gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu. Na ce gajiyar hidima ce.

Ranar ɗaurin aure da hantsi, maroƙi har ya fara kiran jama'a, Sallau bai fito ba. Na shiga na girgiza shi, na watsa masa ruwa. Ya buɗe ido da ƙyar, harshensa ya yi nauyi, ya sake lumshewa. Numfashinsa a hankali yake fita. Inna ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa ni kaɗai na san abin da na ƙulla.

Muka ɗora shi a amalanken jaki sai gidan likita. Hanyar kuma, don ƙarin tonon asiri, ta gaban masallacin take bi. Uban amarya, Malam Idi, ya tashi daga kan tabarma ya biyo mu da babbar rigarsa.

Majo, wato shugaban gidan likitan, ya duba takardar Maraɗi, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage.

"Wa ya ce a ba shi guda?"

Na dubi rufi, na dubi ƙasa.

"Ni ne," na ce, da wata murya da ko ɗalibaina ba za su gane ba.

"Mushe, sabon maganin ga hana jiki hidda tsohon yake yi. Taruwa yake cikin jini kullum. Shi ya sa anka ce rabi. Da kun ƙara kwana biyu, ban san abin da za mu iske ba."

Ya ɗaura wa Sallau ruwa, ya kira motar asibitin Tasawa. Na juya ga Malam Idi ina in'ina, wai zan yi bayanin ciwon.

"Bari, Mushe," ya ce. "Tun ranar da ya hwara zuwa zance ya gaya ma yarinyar da bakinshi, ita ko ta gaya muna. Mun san ciwon ango. Na wan ango ne ba a gaya muna ba."

Da ƙasa ta tsage, da na shige. An ɗaura auren bayan mako biyu, Sallau garau. Yanzu ƙwayoyinsa suna cikin wani kwano a ɗakin matarsa, wadda ko aji ɗaya ba ta yi ba, kuma ba ta taɓa kuskuren rabi ba. Ni dai na koyi cewa iya karanta takardar likita bai mai da ni likita ba. Idan na je gidan, da ta ji sallamata sai ta ɗauke kwanon.