Ranar da Maigidana Ya Ɗage Zaɓe

Ƙawata, matso kusa ki ji. Kin san maigidan nan nawa, telan da 'yan unguwa ke kira Tashar Duniya. Cewa yake ko shugaban ƙasa ya yi atishawa, shi ke fara yi masa addu'a. Rediyo a kan keken ɗinki, wani a taga, waya a kunne, talabijin kuma yana ta magana da bango. Ba ya barin mai labarai ya kai ƙarshe. Da ya ji rabi sai ya murɗa, wai ya san sauran.

To, ƙanensa ya fito takarar kansila. Maigida ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Je ka yi barcinka. Ƙuri'un unguwar nan a aljihuna suke."

Ranar zaɓe, dawowarsa daga sallar asuba ya kunna rediyo, ya ji "an ɗage zaɓen saboda ambaliya," ya murɗa gaba. Ya fita ko hula babu, gida-gida: "Kowa ya koma ya kwanta, an ɗage!"

Mai wanki ya ce, "Malam, wace ambaliya? Ko yayyafi ba a yi ba."

"Kai rediyo nawa gare ka? Tana tafe!"

Na ce, "Baban yara, ga mutane can sun yi layi a firamare."

"Jahilai ne, ba sa bin labarai."

Ni da na koyi karatu a jikin kwalin magani, ina ni ina gardama da masani.

Bayan magariba sai ga ƙanen, ido jajir. Ya sha kaye, kuma akwatin unguwarmu ne ya kayar da shi.

"Yaya, ina ƙuri'un da ke aljihunka?"

"An ɗage fa! Tsaya ka ji."

Ya ƙure muryar rediyo. Cikin ikon Allah ana maimaita labarin, wannan karon har ƙarshe. Ashe wata ƙasa ce can bayan teku, ko sunanta maigida ya kasa faɗa.

Sai maigida ya gyara murya: "Ka ji ko? Ai dai an ɗage."

Ƙanen ya ce, "To Yaya, in sun sa rana ka je ka jefa mini."

Washegari wanda ya ci zaɓen ya aiko wa maigida sabon rediyo, wai tukwicin wahalar da ya yi masa.

Ya karɓa, ƙawata. Don girman Allah, kada wannan ya wuce kunnenki.